Yadda Ake Zaɓar Ƙasar Tukunya da Kula da Ita don Shukar Ganye ta Cikin Ɗaki

Idan ka zare Monstera ko Philodendron da ta mutu daga tukunyarta ka duba gindi, kusan kullum abu ɗaya za ka tarar: ƙasa ta dunƙule ta danƙare, can ciki a jiƙe sharkaf, saiwoyi sun yi baƙi suna wari, da ka ja su sai fatar ta saɓule ta bar siririn zare. Mai shukar zai rantse bai taɓa barin ta da ƙishirwa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya sha'afa shi ne saiwa numfashi take yi. Daga 'yan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take zuƙar iska, kuma idan ruwa ya cike guraben nan ya kwanta na kwanaki, sai ta shaƙe ta fara ruɓewa. Don haka tambayar farko ga mai haɗa ƙasar tukunya ita ce: bayan an yi ban-ruwa ya tsane, wace iska ta rage a ciki? Maganar taki daga baya take zuwa, domin taki ana ƙara shi ko yaushe, amma ba a cusa iska cikin ƙasar da ta riga ta danƙare.

Asalin shuke-shuken ne ya jawo haka. Monstera deliciosa daga dazuzzukan kudancin Mekziko zuwa Panama ta fito, inda take hawa bishiya, saiwoyinta masu kauri suna bin ɓawon itace da tarin ruɓaɓɓen ganye. Epipremnum aureum, wadda aka fi sani da fotos, 'yar tsibirin Mo'orea ce a tekun Fasifik, ita ma mai hawa ce. Calathea da Maranta a ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyin Kudancin Amurka suke zaune, a kan shimfiɗar ganye mai laushi. A irin waɗannan wurare ruwan sama yana sauka da yawa, amma wucewa yake yi ya bar danshi kawai. Wannan danshi mai iska shi ake so a kwaikwaya cikin tukunya.

Me ya sa ƙasar lambu ba ta yi

Ƙasar da ke ba da amfani mai kyau a fili, da ka zuba ta a tukunya sai ta sauya hali. A fili akwai zurfi da ke janye ruwa zuwa can ciki, akwai tana da ƙwari da ke huda ta suna buɗe mata hanyoyin iska. A tukunya duk babu wannan. Kowane ban-ruwa yana ƙara danne ƙwayoyin laka, cikin 'yan watanni ta zama kamar tubali. Ga kuma irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da take shigowa da su.

Akwai wani dalili da ya fi wannan muhimmanci, kuma da soson wanke-wanke za ka gan shi da idonka. Jiƙa soso mai kusurwa huɗu, ka kwantar da shi a tafin hannu har ya daina ɗiga. Sannan ka tsayar da shi a tsaye. Ruwa zai sake zubowa. Idan ya daina, taɓa shi: sama ta tsane, amma wajen gindi yana nan a cike. Haka ƙasar tukunya take. Komai yawan ramukan da ke gindin tukunya, akwai wani kaso na ƙasar can gindi da ke zama cike da ruwa bayan ban-ruwa, domin ƙananan gurabe suna riƙe ruwa da ƙarfin da ya fi nauyinsa. Tsawon wannan jiƙaƙƙen kaso ya dogara ne da girman ƙwayoyin haɗin: mai laushi yana riƙe da yawa, mai gwaraza yana riƙe kaɗan. Shi ya sa haɗi iri ɗaya ya fi tsanewa a doguwar tukunya a kan gajeriya mai faɗi.

Daga nan za ka gane kuskuren zuba tsakuwa a gindin tukunya da sunan taimaka wa ruwa ya fita. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta ƙoshi. Tsakuwar ɗaga jiƙaƙƙen kason take yi zuwa sama, kusa da saiwa, ta kuma cinye wurin da saiwa za ta bi. In kana tsoron ƙasa ta zube ta rami, ɗan yankin raga ya isa.

Kayan haɗi, da aikin kowanne

Haɗi mai kyau yana da abin riƙe ruwa, da abin buɗe iska, da ɗan abinci. Sauran duk ƙari ne.

Kokofit, wato garin zaren ɓawon kwakwa, shi ne abin riƙe ruwan da ya fi sauƙin sarrafawa. A danne ake sayar da shi kamar bulo. Ƙaramin bulo mai nauyin gram 650 yana kumbura ya ba da lita 8 zuwa 9 idan an jiƙa shi. Tsaminsa daidai yake da abin da shuke-shuken nan ke so, kuma ko ya bushe yana sake shan ruwa ba gardama. Aibinsa gishiri ne. Wanda ba a wanke ba yana ɗauke da sodiyam da fotasiyam masu yawa, waɗanda ke ƙona bakin saiwa su kuma hana shuka samun kalsiyam da magnesiyam. In buhun bai nuna an wanke shi ba, ka jiƙa shi a bokiti, ka matse, ka zubar da ruwan, ka maimaita sau biyu ko uku. Wannan ɗan aiki na rabin awa yana hana ka ciwon kai na wata shida.

Fit-mos, wato ruɓaɓɓen gansakuka da ake haƙowa daga tsoffin fadamun ƙasashen sanyi, shi ne ginshiƙin yawancin ƙasar da ake sayarwa a buhu. Yana riƙe ruwa sosai, amma yana da tsami ƙwarai, ma'auninsa na pH tsakanin 3.5 da 4.5 yake, alhali shuke-shuken ganye sun fi son 5.5 zuwa 6.5. Masu haɗa ƙasar buhu sukan riga sun gyara shi. In tsuransa ka saya, ka ƙara garin dolomayit, wani dutse mai rage tsami, gram 3 zuwa 5 a kowace lita. Babbar matsalarsa ita ce idan ya bushe ƙarau yana ƙin ruwa.

Ɓawon itace shi ne ke ba haɗi ƙashi. Na bishiyar fayin aka fi amfani da shi domin yana jinkirin ruɓewa. Ga masu kaurin saiwa, nemi gutsattsari masu girman santimita 1 zuwa 2. Ga masu siririn saiwa, rabin santimita. Lallai ya zama wanda ya kwana biyu ya ɗan ruɓe. Ɗanyen ɓawo da garin katako suna sa ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su su wawushe sinadarin naitirojin, sai ka ga ganye yana ɗashewa alhali kana ba da taki. Inda ba a samu ɓawon fayin ba, ɓawon kwakwa da aka yayyanka gutsi-gutsi yana maye gurbinsa, in an wanke shi kamar kokofit.

Palayit shi ne fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake gani a ƙasar buhu. Wani dutsen aman wuta ne da ake gasawa a zafin kusan digiri 900 har ya kumbura. Ba ya ruɓewa, ba ya ba da abinci, aikinsa kawai raba ƙwayoyi don iska ta shiga. Zaɓi mai gwaraza, kuma ka yayyafa masa ruwa kafin ka zuba, don ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Dutsen kumfa, shi ma dutsen aman wuta ne mai ƙananan ramuka, yana yin aiki iri ɗaya, har ya fi shi, domin yana da nauyi, ba ya tasowa saman tukunya, kuma ba ya marmashewa. Buntun shinkafa da aka turara ko aka ƙona sama-sama ma yana buɗe iska, sai dai yana ruɓewa a hankali.

Yashi kuwa a yi hattara da shi. Mai gwaraza, na milimita 2 zuwa 4, yana da amfani, musamman don ƙara wa tukunyar doguwar shuka nauyi. Rairayi mai laushi cike guraben iska yake yi, ya ƙara lalata abin da aka kawo shi ya gyara. Bamikulayit, wani ma'adini mai ƙyalli da ake sa wa a haɗin ƙasa, yana kama da palayit a suna kawai. Shi riƙe ruwa yake yi, bai kamata a sa ɗaya a madadin ɗaya ba.

Abinci kuma daga kashin tana ko takin da ya ruɓe ya gama zai fito, kashi ɗaya cikin goma na haɗin. Takin da ya gama ruɓewa baƙi ne, yana warwarewa a hannu, yana ƙamshin ƙasa, ba ya ɗumi. Ɗanyen kashin dabbobi ba shi da wuri a tukunyar ɗaki. Gawayi na itace da aka farfasa aka wanke, tafi ɗaya a bokiti, ba ya cutarwa kuma yana ƙara gurabe, amma yabon da ake masa cewa yana hana ruɓewar saiwa ya wuce aikinsa.

Yadda ake auna haɗin

Da mudu ɗaya ake awo, kofi ne ko gwangwani, ba da sikeli ba, domin nauyin kayan ya sha bamban.

Ga masu hawa da kaurin saiwa, irin su Monstera, Philodendron, fotos da Anthurium: ɓawon itace 4, kokofit 3, palayit 2, kashin tana ko taki 1.

Ga masu siririn saiwa da ba sa jure bushewa, irin su Calathea, Maranta, Fittonia da Spathiphyllum: kokofit 5, palayit 2, ƙananan ɓawo 2, taki 1.

Ga masu zama ƙananan bishiyoyi, irin su Ficus, Dracaena da Schefflera: kokofit 4, ɓawo 3, dutsen kumfa ko yashi mai gwaraza 2, taki 1.

Wanda ba ya son wahalar tara kaya, ya sayi ƙasar buhu ya gyara ta: mudu 2 nata, 1 na palayit, 1 na ɓawo. Da wuya ka samu ƙasar buhu da ta dace da ɗaki yadda take, domin yawancinsu an haɗa su ne don wurin da haske da iska ke busar da tukunya da sauri. Wajen saye ka ɗaga buhun. In ya yi nauyi fiye da kima, ya jiƙe ne ko an cika shi da ƙasa. In yana warin tsami ko ruɓa, bar shi. Kuma guji wadda aka rubuta tana ɗauke da sinadarin riƙe ruwa, sai fa in ka san kai mai mantuwa ne.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai, don abubuwa uku ne ke yanke hukuncin ƙarshe. Na ɗaya haske: shukar da ke lungu mai duhu ba ta shan ruwa da yawa, saboda haka a ƙara mata mudu ɗaya na palayit a rage kokofit. Na biyu tukunya: ta yumɓu da ba a shafe ba tana fitar da danshi ta jikinta, ta roba da ta tangaran mai sheƙi ba sa yi. Na uku hannun mai ban-ruwa, kuma a nan ake son mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. In ba ka iya wuce tukunya ba ka zuba mata ruwa ba, yi haɗi mai gwaraza sosai wanda zai yafe maka. In sai ka yi sati biyu ba ka tuna ba, ƙara kokofit.

Gwada haɗin kafin ka shuka

Cakuɗa kayan a daro suna da ɗan danshi, a wuri mai iska, da takunkumi da safar hannu. Wannan ba tsirfa ba ce: akwai ƙwayar cutar huhu mai suna Legionella longbeachae da ke rayuwa a ƙasar tukunya da taki, kuma an sha samun masu kamuwa da ita a Ostareliya da New Zealand ta hanyar shaƙar ƙurar.

Damƙi haɗin a hannu ka matse. Ya kamata ya ɗan haɗu, ya warware da zarar ka taɓa shi da yatsa. In ya zauna a dunƙule, ya yi laushi da yawa.

Ga gwajin da ya fi wannan tabbas. Samu robar da ke cin lita ɗaya, ka huda gindinta, ka toshe ramukan da salatif. Cika ta da haɗin, ka ɗan bubbuga ta ya zauna, kar ka danna. Zuba ruwa a hankali har ya yi ƙyalli a sama, ka bar shi rabin awa, in ya ja ka ƙara. Sannan ka cire salatif ɗin a kan kwano ka auna ruwan da ya fita. Gurbin da ruwan nan ya bari shi ne na iska. Mililita 150 zuwa 250 ya yi daidai ga yawancin shuke-shuken nan. Ƙasa da 100, ƙara ɓawo da palayit. In ya kai 350, haɗin zai riƙa bushewa kusan kullum.

Sauya tukunya, mataki-mataki

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da shuka ta fara fitar da sabon toho. Wadda aka sayo yanzu a bar ta sati biyu zuwa uku ta saba da ɗakin, in dai ba ruɓewa take yi ba.

1. Yi ban-ruwa kwana ɗaya kafin aikin. Saiwa mai danshi tana lanƙwasa, busasshiya karyewa take yi.

2. Zaɓi tukunyar da faɗinta ya fi na tsohuwar da santimita 2 zuwa 5 kawai, mai rami a gindi. A nan mutane da yawa ke faɗawa. Ana ganin babbar tukunya gata ce, alhali ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, babu mai shanye ruwanta, sai ta zauna a jiƙe har ruɓa ta fara. Tukunyar ado marar rami a mayar da ita riga: a sa ta roba mai rami a cikinta, a riƙa zubar da ruwan da ya taru.

3. Kifa tukunyar, kara yana tsakanin yatsunka, ka matsa gefenta ko ka zagaya da wuƙa. Kar ka ja shuka ta kara. Sa safar hannu, domin ruwan jikin Dieffenbachia da danginta yana sa ƙaiƙayi da kumburi, haka ma farin ruwan Ficus.

4. Duba saiwa. Lafiyayya tana da tauri, fara ce ko ruwan ƙasa. Mai laushi, baƙa, mai wari, a yanke ta har zuwa wuri mai kyau da almakashin da aka goge da sifirit. In saiwoyi sun nannaɗe gindi, warware su da yatsa.

5. Kakkaɓe tsohuwar ƙasa gwargwadon yadda ta saki da kanta. Amma in tsohuwar mai laushi ce ƙwarai kuma sabon haɗin mai gwaraza ne, cire mafi yawanta, ko da sai ka jiƙa gindin a bokiti. In ba haka ba za ka samu ƙasa iri biyu a tukunya ɗaya: gefe ya bushe ya ruɗe ka ka ƙara ruwa, tsakiya kuwa tana nan a jiƙe. Ka kuma laluba gindin kara, don wasu gidajen rainon shuka suna barin ɗan kwandon raga ko dunƙulen soso a wurin. In ka same shi, tsaga shi a hankali ka cire.

6. Zuba haɗi a gindi, ka daidaita shuka yadda zurfinta zai zama kamar na da. Binne kara yana ruɓar da shi. Cike gefe, ka bubbuga tukunyar, ka sa tsinke ka tura haɗin tsakanin saiwoyi. Kar ka danna da ƙarfi. Bar santimita 2 tsakanin ƙasa da bakin tukunya don ruwa ya samu wurin tsayawa.

7. Zuba ruwa har ya fito ta gindi, ka bar shi ya tsane. Ajiye ta inda haske yake amma rana ba ta dukan ta. Ɗan yaushi na kwanaki kaɗan ba abin tsoro ba ne, kuma ba ƙarin ruwa yake nema ba. Kar ka ba da taki sai bayan sati huɗu zuwa shida.

Kula da ƙasar bayan an shuka

Ban-ruwa ba ya bin kalanda. Cusa yatsa zuwa gaɓa ta biyu, ko ka soka tsinken katako har gindi ka bar shi minti ɗaya: in ya fito da duhu da ƙasa manne, da sauran ruwa. Ɗaga tukunyar bayan ban-ruwa da kuma lokacin da ta bushe, hannunka zai haddace bambancin nauyin. Masu kaurin saiwa a bar kashi ɗaya cikin uku na sama ya bushe. Su Calathea kuwa, da saman ya fara bushewa a zuba. Idan za ka zuba, zuba sosai ya ratsa ko'ina ya fito, sannan ka zubar da na faranti bayan minti 15. Ɗan kurɓi kullum yana jiƙa sama ya bar saiwoyin gindi da ƙishirwa, ya kuma tara gishiri.

Gishirin nan shi ne farin ɓawon da ke fitowa a saman ƙasa da bakin tukunya. Daga taki da ruwa yake taruwa, ruwa ya ƙafe ya bar shi. Alamarsa a jikin shuka ita ce bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ko ta yi yaushi alhali ƙasa da danshi, domin gishiri yana hana saiwa jan ruwa. Maganinsa wanki: duk wata uku ko huɗu, kankare farin ɓawon, ka kai tukunyar inda ruwa zai wuce, ka zuba ruwa ninki biyu zuwa uku na girmanta a hankali, ka bar ta ta tsane. Ruwan sama ya fi kowanne dacewa da wannan aiki.

Ruwa mai yawan alli yana rage tsamin ƙasa sannu a hankali. Idan pH ya haura 7, sinadarin ƙarfe da shuka ke buƙata yana nan a ƙasa amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai sababbin ganye su fito rawaya da jijiyoyi kore. Wanda bai gane ba sai ya ƙara taki, garin neman gira ya rasa ido. Abin yi shi ne a koma ruwan sama ko tacacce, a sauya ƙasar in abin ya yi nisa. Dracaena da Chlorophytum kuma ba sa shiri da sinadarin fulorayid da ke cikin wasu ruwan famfo. Ƙonewar tsinin ganye ce alamarsa.

Tun da haɗin kokofit da ɓawo kusan babu abinci a cikinsa, taki wajibi ne bayan watannin farko. Takin ruwa na shuke-shuken ganye, mai awon naitirojin, fosfaras da fotasiyam da ya kusanci 3-1-2, a rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, duk sati biyu zuwa huɗu lokacin da shuka ke girma. In kokofit ya yi yawa a haɗin, nemi takin da ke da kalsiyam da magnesiyam. A zuba shi kan ƙasa mai danshi. In girma ya tsaya saboda sanyi ko ƙarancin haske, a dakata. Takin gona mai ƙwaya, musamman yuriya, yana da ƙarfin da tukunya ba ta ɗauka. Ɗan cokali ya isa ya ƙone saiwa. Mai narkewa a hankali yana da kyau, sai dai ka sani zafi yana gaggauta narkewarsa, don haka a ɗaki mai ɗumi ba ya kai watannin da aka rubuta.

Wata rana za ka zuba ruwa ka ga ya fito ta gindi nan take, ka ɗauka ƙasar tana tsanewa da kyau. Duba gefe. In ƙasa ta tsuke ta bar jikin tukunya, ruwan ta tsagar ya bi, tsakiya a bushe take. Halin fit-mos ke nan. Tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa har zuwa kusa da baki na minti 30 zuwa awa ɗaya, har ta yi nauyi, sannan ka tsane ta ka cike tsagar da sabon haɗi.

Komai kyan haɗi, tsufa yake yi. Ɓawo da kokofit suna ruɓewa su zama gari, gurabe su toshe, ƙasa ta sauka. Idan tukunyar da ke bushewa cikin kwana biyar ta koma ɗaukar kwana goma sha biyu ba tare da yanayi ya sauya ba, haɗin ya gaji. Yawanci shekara ɗaya zuwa biyu ne wa'adinsa. Ba dole sai an ƙara girman tukunya ba. Ana iya sauya ƙasa a mayar da shuka gidanta. Babbar shukar da ba ta ɗaguwa, a kwashe santimita 3 zuwa 5 na sama duk shekara a zuba sabo.

Baƙin da ke zuwa ba gayyata

Ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu tashi idan an taɓa tukunya shaida ce cewa saman ƙasa ba ya bushewa. A cikin santimita kaɗan na sama suke ƙwai, tsutsarsu tana cin funfuna da ruɓaɓɓen abu, wani lokaci har da ƙananan saiwoyi. Daga ƙwai zuwa babba kamar sati uku zuwa huɗu ne, saboda haka magani na rana ɗaya ba ya raba ka da su. Bar sama ta bushe tsakanin ban-ruwa, kafa takardar danƙo rawaya don kama manyan, ka riƙa ban-ruwa da maganin Bti, wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsar, sati-sati har wata ɗaya.

Farar funfuna a saman ƙasa ba ta cin shuka. Kankare ta, rage ruwa, ka bar iska ta riƙa ratsa wurin. Haka 'yar laimar kwaɗi rawaya da kan tsiro a tukunya: ba ta cutar da shuka, amma guba ce in an ci, don haka a tuge ta inda yara ko dabbobi suke.

Ruɓewar saiwa ita ce mai kisa, kuma tana ruɗi domin alamarta irin ta ƙishirwa ce: yaushi da rawayar ganyen gindi. Bambancin shi ne tukunya na da nauyi kuma tana wari. Ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Phytophthora a ƙasa mai kwantaccen ruwa suke samun dama. Zare shukar a ranar, wanke saiwa, yanke duk ruɓaɓɓe, ka mayar da ita ƙaramar tukunya daidai da saiwar da ta rage, cikin sabon haɗi mai gwaraza. In fiye da rabin saiwa ta tafi, rage ganye ma, ka kuma yanki reshe mai gaɓa ka sa a ruwa, ko da uwar ba ta tashi ba.

Ƙasar da ruɓa ko ƙwari suka kama, zubar da ita ake yi, tukunyar kuma a goge ta a jiƙa cikin bilic kashi 1 da ruwa kashi 9 na minti 10 zuwa 30, a ɗauraye sosai. Wadda ta fito daga lafiyayyar shuka ana iya sake amfani da ita: a tankaɗe garin da ya marmashe a zubar, a tsince matattun saiwoyi, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na sabon haɗi. Mai son kashe ƙwai da ƙwayoyin cuta ya turara ta da danshinta a rufe har cikinta ya kai digiri 82, ya riƙe haka minti 30; wuce wannan zafi yana fitar da sinadaran da ke cutar da saiwa. Ragowar haɗin da ba a taɓa ba kuwa a ajiye shi kusan a bushe, cikin bokiti mai murfi, a inuwa, nesa da ƙasa da ruwan sama, a yayyafa masa ruwa daren da za a yi aiki da shi.